Yatsu Huɗu

Ranar Laraba bayan azahar
ta gangaro daga hanyar Pitowa,
tana ɗingishi kamar raƙumar da ta taka ƙaya.
Motar Malam Tanimu mai tabarau ce,
ita ce ɗakinsa, ita ce shagonsa, a ciki yake girki,
ba ta taɓa kwana uku a kasuwa ɗaya ba.

Na ce, hau da ita kan simintin can,
ƙasar garejinmu ta Yelwa ƙarya take wa ido.
Na fara da iskar tayoyi, lafiya lau.
Na sa Sali ya yanko mini kara,
muka auna daga ƙasa zuwa leɓen bodi.
Dama ta tsaya cik.
Hagu ta gaza da yatsu huɗu,
shi kuwa kara bai san kara ba.

Jak ya ɗaga, muka tokare da kututture,
na shimfiɗa kwali na shige da baya.
Lakar Gidar na nan, jar ƙasar Figil na nan,
duk garin da ta je ya bar mata tsaraba.
Ganyen sifirin bakwai ne a ɗaure,
na ukun ya tsage tun damina,
tsatsa ta riga ta lashe bakin karayar.
Robar kunne ta zama gari.
Shokozoba ya jiƙe da mai,
amma na san ba shi ke ɗaukar kaya ba.

Ya ce, canza na hagun kawai,
aljihu ya yi sanyi bana.
Na ce, Malam, kai da kake sayar da tabarau,
ka taɓa sa wa mutum gilashi a ido ɗaya?
Ya yi dariya har ya riƙe ƙofa.
Jaka arba'in na faɗa, ya ce talatin,
muka tsaya a talatin da biyar,
bai ce albarka ba, ni ma ban ce na yafe ba.

Notin farko ya sha kananzir ya sake.
Na biyu sai da guduma ta yi masa magana.
Na uku ya ci fatar yatsana.
La'asar ta wuce, jemagu suka fara motsi a darbejiya,
muka ɗaure sababbi hagu da dama,
muka sauke ta a hankali.
Sali ya kawo kara.
Saura yatsa ɗaya da rabi,
ba ta miƙe ba.

Na ce, buɗe mini in ga ciki.
Duron ruwa a hagu.
Tukunyar gas a hagu, batir biyu a hagu,
akwatin gilasai, buhun gero, keken ɗinki,
har katifarsa a manne da bangon hagu.
Dama fili fetal, a share,
sai matashi ɗaya da zane a ninke a kansa.
Ya ce, wurin Dudu ne.
Shekara uku ke nan.
Bai ƙara komai ba.

Na goge hannuna da tsumma ya fi sau biyar.
Muka ja duro zuwa tsakiya,
batir suka koma bayan kujera,
gero ya tsallaka har bakin layi ya tsaya.
Matashin nan kuwa ko Sali mai rawar kai
bai kai hannu kusa da shi ba.

Kara ya ce saura rabin yatsa.
Na ce, ta yi, Malam, Allah ya kiyaye hanya,
ka bi ramukan Ngong da lallashi.
Ta haye titi ta nufi gadar Binuwai,
wutar bayanta biyu kusan a layi ɗaya.
Sali ya ce, Oga, ai da saura.
Na karya karan na jefa a murhun mai shayi.
Na ce, tattara sifanu,
ban ba shi amsa ba.